Ƙafar Mota da Ƙaramin Sani

Duk wanda ya san ni a wannan Sashe ya san ba ni da mota, ko keken kirki ma ba ni da shi. Saboda haka na tabbata wasu daga cikin abokan karatuna za su yi dariya in sun ga na ɗauki alƙalami ina bayani a kan wili da taya, maimakon karin magana ko tarihin wani mawaƙi. To, ina roƙonsu su yi haƙuri su karanta, domin motar da zan yi magana a kanta ita ce ke biya mini kuɗin makaranta, kuma saura ƙiris in hallaka ta da bakina, da mutanen da ke cikinta.

Motar ta yayana ce, Toyota Corolla ƙirar 2005, 'yar Kwatano, irin wadda aka ƙera domin kasuwar Amurka. Tun rasuwar mahaifinmu da ita yake jigilar fasinja tsakanin garinmu da birni, da ita ake cefane, da ita kuma ake yi mini rajista kowace shekara. A hutun bara ya gaya mini yana so ya gyara ta ta yi kyau, ko ya riƙa samun shata da ɗaukar amare, ya rage zaman jiran layi a tasha. Ya ce zai ɗauki adashi, sai dai bai san inda zai fara ba. Nan take na ce masa ya bar mini wannan aiki, ai ƙafa ita ce adon mota.

Dalilin wannan zaƙewa tawa kuwa, na daɗe ina kallon hotunan motocin 'yan ƙwalisa na Japan da Amurka a waya. Akwai wani salo da suke ji da shi, watau a zaɓi wili da taya ta yadda gefen taya zai zo daidai da leɓen fenda, bai shige ciki ba, bai kuma leƙo waje ba, kamar an sa wuƙa an yanke su tare. Da Ingilishi suna ce masa fulash, ni kuwa na raɗa masa suna daidai-wa-daida. Motar da ta fito daga kamfani ba haka take ba. Ƙafafunta a ɗan ɓoye suke cikin fenda, sai ka ga kamar yaro ya sa rigar wansa. Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne, me ya sa maƙera suka bar wannan fili?

Kada mai karatu ya ɗauka ban yi wani bincike ba. Na yi, kuma shi ne ya ruɗe ni. Na koyi karanta lambar da ke jikin taya. Tayar motar ta asali 195/65R15 ce. Watau faɗinta milimita 195 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari ne na wannan faɗi, kusan milimita 127 ke nan, sa'an nan ana ɗora ta a kan wili mai inci 15. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. In aka haɗa wilin da gefen taya na sama da na ƙasa, tsayin ƙafar gaba ɗaya ya kama wajen milimita 635. Na kuma fahimci cewa in za a ƙara girman wili, dole a rage gefen taya, don tsayin ƙafar ya zauna yadda yake, in ba haka ba maleji zai riƙa yin ƙarya. Na zauna da biro da takarda na gano cewa taya 225/40R18 tsayinta wajen milimita 637 ne. Bambancin bai kai milimita 3 ba. Ranar nan na ji kaina ya yi girma, na ɗauka na gama sanin ƙafar mota.

Muka tafi kasuwar 'yan kayan mota. Can muka tarar da wasu aloyi huɗu na hannu masu inci 18, faɗin kowanne inci 8, suna ƙyalli kamar azurfa. Muka ƙirga ramukan noti, biyar ne, aka gwada suka shiga. Yaya ya ɗan yi jim ya ce, “Anya, ɗan boko, waɗannan ba su yi mata yawa ba?” Na zaro takardata na nuna masa lissafi. Shi da bai wuce firamare ba, sai ya yi shiru ya ƙirga kuɗi. Da aka ɗaura, motar ta yi kyau ƙwarai, har yara suka biyo mu suna kallo. Na lura tayoyin baya sun ɗan leƙo waje kaɗan, amma na ce a raina wannan ma ƙarin ado ne.

Ba a yi kwana uku ba ya fara ƙorafi. Ya ce in ya yi gudu sitiyari yana rawa a hannunsa, in kuma ya yi lodi ya faɗa rami yakan ji wata ƙara daga baya, kamar ana goga wuƙa a dutse. Na ce masa sabon abu ne, zai saba. Wannan magana tawa har yau in na tuna ta sai in ji kunya ta rufe ni.

A mako na uku na bi shi zuwa birni. Ina gaba, fasinja huɗu suna baya, ga buhun masara biyu a but. Muna cikin tafiya muka iso wani kwalbati inda kwalta ta lotsa. Motar ta yi ƙasa, sai muka ji ƙara kamar harbin bindiga. Tayar baya ta dama ta fashe, bayan motar ya fara jifa da mu hagu da dama, mata suna salati. Allah ya sa Yaya tsohon direba ne, bai danna birki da ƙarfi ba, ya riƙe sitiyari hannu biyu har muka gangara cikin wata gona muka tsaya. Ba wanda ya rasa ransa, sai dai wata tsohuwa ta bugi goshi jini ya zuba, aloyin kuma ya tsage. Yaya bai ce mini uffan ba. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Aka jawo motar zuwa garejin wani dattijo, abokin mahaifinmu, wanda ya fara koyon aiki tun zamanin da Fijo 504 ke fitowa daga Kaduna. Ya duƙa ya shafa gefen tayar da ta fashe, ya nuna mana wani zane da ya zagaye ta, kamar an bi ta da reza. Ya duba ta hagu, ita ma haka. Ya sa hannu cikin fenda, ya fito da baƙin garin roba a yatsunsa. Sa'an nan ya ce, “Wa ya zaɓa muku ƙafafun nan?” Na ce, “Baba, ni ne.” Na miƙa masa takardar lissafina. Ya duba ya ce, “Yaro, lissafinka daidai ne. Awo ɗaya ka sani cikin huɗu.”

Ya sa aka juya aloyin, ya kankare datti, sai ga wani rubutu da ban taɓa kula da shi ba: ET30. Ya ce a kawo tsohon wilin da muka ajiye, nasa awon kuwa 45 ne. Ya bayyana mini cewa wannan lamba ita ce tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗin wili da fuskar da ke manne wa cibiyar ƙafa, da milimita ake auna ta. In lambar ta yi yawa, ƙafa takan shige ciki wajen shokazoba. In ta ragu, ƙafa takan fito waje wajen fenda. Daga baya na karanta cewa haruffan nan biyu daga wata kalmar Jamusanci aka gutsuro su, masu sana'ar kuma suna kiran awon ofset.

Daga nan ya mayar da tsohuwar ƙafa ɗaya, ya sauke jak, ya ɗaura noti a bakin zare, ya sako shi daga leɓen fenda kamar yadda magini ke duba miƙewar bango. Ya auna daga zaren zuwa gefen taya, aka sami wajen milimita 20. Ya ce, “Wannan shi ne gonarka, ba ka da ikon wuce ta.” Sai ya sa ni in yi lissafin da bakina. Daga 45 zuwa 30, ƙafa ta fito waje da milimita 15. Taya ta tashi daga faɗin 195 zuwa 225, an ƙara 30, rabinsa ciki rabinsa waje, ga wani 15 ɗin. Jimla 30 ke nan, alhali filin 20 ne. Ashe tayar ta wuce leɓen fenda da milimita 10. Muddin motar ba kaya, leɓen yana sama, ba ya taɓa ta. Da an yi lodi an faɗa rami, sai bodi ya sauko, ƙarfen ya zauna a kan roba yana yanka ta sannu a hankali. Ƙarar da Yaya yake ji ke nan, wadda na ce zai saba da ita.

Awo na uku shi ne ramin tsakiya. Cibiyar ƙafar wannan mota milimita 54.1 ce, ramin aloyin da muka saya kuwa 73.1 ne, domin masu ƙera irinsu sukan yi ramin da faɗi don ya shiga motoci iri-iri. Akwai wani zobe da ake sakawa ya cike giɓin, ƙafar ta zauna a tsakiya sosai. Mu ba mu sa ba, ga dalilin rawar sitiyari. Na huɗu kuwa tazarar ramukan noti ce, wadda muka dace da ita bisa sa'a kawai. Ta wannan Corolla ramuka biyar ne a kan da'ira mai faɗin milimita 100, ta Honda Accord ta wannan zamani kuwa biyar ne a kan 114.3. Ƙirga ramuka kaɗai ba ya wadatarwa.

Har ila yau Baba ya nuna mini abin da na yi hasara da hannuna. Gefen tsohuwar taya milimita 127 ne, na sabuwar 90. Wannan gefe shi ne matashin da ke tsakanin wili da bakin rami, kuma na rage kusan kashi ɗaya cikin uku nasa, a hanyar da ramukanta suka fi kwaltarta yawa. Bayan haka akwai lambar nauyi da ke biye da lambar girma. Ta tsohuwar 91 ce, watau kowace taya tana ɗaukar kilo 615, ta sabuwar kuwa 88 ce, kilo 560. Ga kuma lambobi huɗu na ranar ƙira, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Da muka duba, tayoyin da na yi ta yabo sun haura shekara takwas. Ya ƙara da cewa ƙafar da aka turo waje da yawa tana cin boris da wuri, domin nauyin mota ya kauce daga inda aka shirya masa ya sauka.

Motar ta yi kwana goma sha biyu ba ta fita ba, ga maganin tsohuwa, ga rajistata ta matso. Yaya ya sayar da aloyi ukun da suka rage da hasara, ya ci bashi ya cika. Na ce masa mu mayar da tsofaffin ƙafafu mu huta. Baba ya ce a'a, son ado ba laifi ba ne, a dai yi shi da awo. Ya zaɓa mana wili mai inci 16, faɗin inci 6.5, ET40, da sababbin tayoyi 205/55R16 masu lambar nauyi 91, aka kuma sa zobe. Tsayin ƙafar ya kama milimita 632, gefen taya 113, ta fito waje da milimita 10 kacal, saura 10 tsakaninta da zare. Bai yarda da takarda kaɗai ba. Ya tara yaran gareji huɗu suka cika kujerar baya, aka sa buhunan yashi a but, ya bi kowace ƙafa yana zura hannu, aka murɗa sitiyari iyakarsa hagu da dama, kana ya ce mu tafi. Motar ta yi kyau daidai gwargwado, ko da yake ba ta kai na cikin hotuna ba. Waɗancan, na gane daga baya, yawancinsu ba sa ɗaukar masara, wasu ma an lanƙwashe leɓen fendarsu ciki don kada ya taɓa taya.

Da muka dawo karatu aka shiga darasin awon waƙa, malam yana bayanin ƙafafu da zihafi da illa, yana cewa akwai canjin da kari yake ɗauka, akwai kuma wanda in an yi shi baiti ya karye, ko da kalmomin sun yi daɗi a kunne. Ina zaune sai zaren Baba ya faɗo mini a rai. Na tuna yadda na ƙirga abu ɗaya daidai, na ɗauka na mallaki sauran, har na rufe bakin mutumin da ya shekara goma sha biyar yana tuƙi, don kawai ina riƙe da takarda shi ba ya riƙe da ita. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na sha rubuta wannan karin magana a jarrabawa ina samun maki, amma a gonar nan ta bakin kwalbati na san ma'anarta.

Shawarata ga duk wanda zai canja ƙafafun motarsa ita ce, kafin ya je kasuwa ya juya tsohon wilinsa ya karanta abin da ke bayansa, ya saki zare ya auna filin da yake da shi, ya kuma yi gwajin da irin kayan da ya saba ɗauka. In direba ya ce yana jin ƙara, a tsaya a duba. Yaya ya biya mini rajista a makare, har da tara, kuma bai taɓa tayar da maganar ba. Sai dai duk ranar da na koma gida hutu, in ya gan ni da biro a aljihu, yakan yi murmushi ya ce, “Ɗan boko, yau me za mu auna?”