Ina kuɗin gyara a kasafin ƙaramar hukuma?

Jama'a, tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kowa zancen shigowar kuɗin yake. Ni damuwata inda za su tafi. Na daɗe ina ganin takardun kasafi a ofis. Sabon gini ba ya rasa gurbi, gyara kuwa kullum "sai baɗi". Dalili? Ba a kiran maroƙa don an gyara famfo. Shi ya sa za ka ga sabuwar sakatariya, asibitin sha-ka-tafi kuma rufinsa na yoyo. Don Allah ku tuntuɓi kansilanku tun ana rubuta kasafin: nawa aka ware wa gyara? In aka sa hannu, ihu bayan hari ne.