Yadda Ganɗoki Ya Kayar da Ɗalibina

Duk wanda ya saba da littattafan aljanu da mayu da fatalwa ya san daɗin tsoron da mutum ya saya da kuɗinsa. Ka kwanta da tocila a hannu, tsigar jikinka na tashi, motsin ƙyaure ya sa gabanka ya faɗi, amma ba ka ajiye littafin sai ka ga ƙarshen maye. Gari na wayewa kuwa shi ke nan, ka san labari ne. Ban taɓa jin wanda ya karanta Ruwan Bagaja ya ɗaure kayansa ya tafi neman ruwan ba. Littafin da ke buƙatar hattara shi ne wanda ya ɗauko garuruwa na gaske, da sarakuna na gaske, da yaƙin da kakanni suka gani da idonsu, sannan ya dasa mutumin da marubuci ya ƙaga a tsakiyarsu. Irinsa ne ya ba ni kunya, ya kuma jawo wa yaron da bai ji ba bai gani ba abin dariya.

Tun ina ƙarami ba na barin irin waɗannan littattafai su wuce ni, daga Dare Dubu da Ɗaya da Iliya Ɗan Maiƙarfi har zuwa na yaƙi da matsafa da ake bugawa a Kano. Amma babu wanda ya kama zuciyata kamar Ganɗoki na Malam Bello Kagara. Kashin farko na labarin yana tafe ne da zuwan Turawa: ga Kwantagora, ga Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, ga gumurzun da aka yi da sojan Nasara. Daga baya sai jarumin ya nausa gabas, ya faɗa duniyar aljanu da abubuwan al'ajabi. Ni da kaina na raba littafin biyu a raina. Na ce wajen aljanun ƙarya ce, wajen yaƙin kuwa tarihi ne tsantsa. Ban tambayi kowa ba, ban duba ko'ina ba.

Da na zama malamin makaranta aka ba ni darasin tarihi, muka zo kan yadda Turawa suka ci ƙasar Hausa. Na ga yara na hamma, sai na ce bari in sa wa darasin gishiri. Na jera musu jaruman da suka yi tsayin daka, na saka Ganɗoki a ciki, na ba su labarinsa kamar na ga takobinsa da idona. Aji ya yi tsit, kowa ya kasa kunne. Na fita ina jin na iya koyarwa.

Bayan wani lokaci aka shirya gasar kacici-kacici tsakanin makarantu. Aka tambayi ɗalibina, yaro mai ƙwaƙwalwa, ya faɗi sunan jagoran da ya fafata da Turawa a Burmi. Ya miƙe ba ko ɗar, ya ce Ganɗoki. Zauren ya barke da dariya. Yaron ya waigo ya dube ni, ya ce da alƙalin gasa, "Wallahi Malaminmu ne ya faɗa mana."

A nan na ƙara kuskure a kan kuskure. Maimakon in sunkuyar da kai, sai na bi alƙalin bayan an tashi, wai zan ƙwato wa makarantarmu makinta. Dattijo ne da ya daɗe yana koyarwa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, a wane littafi ka gani?" Na faɗa masa. Ya ce, "To, ai littafin ƙagaggen labari ne. Shi mai littafin bai ce maka tarihi ya rubuta ba." Na rasa ta cewa.

Sai a lokacin na koma na bincika asalin littafin da na daɗe ina haddace shi. A shekarar 1933 ne Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Ganɗoki. Bello Kagara yayan Abubakar Imam ne, malami ne a Katsina, kuma yana yaro aka yi waɗannan yaƙe-yaƙe a yankinsu. Shi ya sa kashin farko yake da ƙanshin gaskiya: mutumin da ya tashi cikin maganar abin ne ya rubuta. Amma gwanintar mai labari ke nan, ya gina fage na gaske ya saki jaruminsa a kai. Na kuma lura da abin da ban taɓa kula da shi ba, wato hukumar gwamnatin Turawa ce ta nemi littafin ta kuma buga shi. Mai karatu da hankali zai riƙe wannan a ransa idan ya zo inda jarumin ya komo gida ya tarar da sabon zamani.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tarihin na gaske bai buƙatar gishirina. Kwantagora ta faɗi a 1901. Kano ta faɗi a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato a watan Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara, ya yi hijira ya nufi gabas, jama'a suka yi ta barin gonaki da gidaje suna bin sa. A Burmi, cikin ƙasar Gombe, aka yi karon ƙarshe ranar 27 ga Yuli, 1903. Nan ya kwanta dama tare da ɗaruruwan mabiyansa, kwamandan Turawa Manjo Marsh ma nan ya mutu. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yau a bakin kogin Nilu. Wannan na bari na ba yara labarin aro.

Ba mu kaɗai ke faɗawa wannan rami ba. Bram Stoker ya fitar da Dracula a 1897, ya ari sunan daga Vlad, wani sarkin Walakiya na ƙarni na 15, a ƙasar Romaniya ta yanzu. Bai taɓa taka Transilbaniya ba, inda ya ajiye gidan Dracula a labarin, amma yau masu yawon buɗe ido na tururuwa can neman gidan mai shan jini. Baƙar tsakuwa ba ta karya haƙori, don mai tsince shinkafa yana ganinta. Farar da ta saje da ƙwaya ita ce matsala.

Da muka koma makaranta na tsaya gaban aji na ce laifin nawa ne, ba na yaron ba, na nemi afuwarsa a gaban abokansa. Ya ce, "Ba komai, Malam," amma ya daɗe bai sake ɗaga hannu a darasina ba. Wannan shi ne hukuncin da ya fi yi mini zafi.

Ban daina karanta waɗannan littattafai ba, ba kuma na hana yara. Shaihu Umar zai sa ka ji raɗaɗin uwar da aka raba da ɗanta a zamanin bauta, yadda jerin shekaru a allo ba zai taɓa sa ka ji ba. Sai dai yanzu da ake karanta labarai a rediyo da YouTube, ana tura su ta WhatsApp babu bango balle sunan marubuci, ruɗuwar ta fi sauƙi. Matambayi ba ya ɓata. Wanda kuma zai ba da labari ga wanda ya amince da shi, ɗalibi ne ko ɗa ko ƙane, wajibi ne ya faɗa masa inda ya samo shi, ya kuma bambance masa abin da ya faru da abin da aka ƙaga.