Itacen Da Muke Sarewa Kowace Bazara

Mu da muka tashi a ƙasar Gumel, da tsoron malamin daji muka girma. In an hango shi tafe sai a ɓoye gatari, gama a ganinmu aikinsa kamu ne da cin tara kawai. Iyayenmu kuwa sukan ba mu labarin farin 1973 da na 1984, yadda itatuwa suka bushe, namun daji suka ƙaurace mana.

Muna da 'yar gona a bayan makarantarmu. Shekara uku a jere iskar farkon damina tana binne mana gero da rairayi, sai mun sake shuka. Muka dasa darbejiya tare da yara. Awaki suka ci rabi, rani ya ƙarasa saura. Da ƙyar muka ajiye girman kai, muka kira malamin daji.

Bai zo da dashe ko ɗaya ba. Ya zaga gonar, ya tsaya kan wani kututturen kalgo da muke sarewa kowace bazara, ya ce, "Malam, wannan ai da ransa, saiwarsa tana can ƙasa. Ku ne kuke hana shi tashi." Ya nuna mana yadda za mu zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi, mu datse sauran. Ya ce mu kula da gawo musamman, domin da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma taki ne.

Ashe maƙwabtanmu na Maradi sun riga mu. Tun 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya soma wannan aiki da manoman can. Suna ce da shi sassabin zamani. Ta haka aka farfaɗo da ƙasa wajen hekta miliyan 5 a Nijar.

Yanzu shekara biyar ke nan. Kalgon nan ya fi mu tsawo. Bana sau ɗaya muka yi shuka. Kurciya ta yi sheƙa a gonar, yara kuma sun ga bushiya da sawun zomo.

Malamin daji ya san itace, amma adda a hannunmu take. Ya ku masu karatu, kafin sassabe mai zuwa, ku gayyace shi ya taka gonarku, ku kuma tafi da 'ya'yanku su ji da kunnensu.