Da Muryar Wa Mugu Yake Magana a Wayar Ɗanki?



Wata Asabar na dawo daga aikin dare, ko takalmi ban cire ba na zube a kan tabarma. Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ya zo mana Zabi daga Samaru da kwamfutarsa, shi da babban ɗana Abba, mai shekara 10, sun duƙufa a kan wani gem irin na duniyar tatsuniya, mai sarakuna da takubba da dodanni. Barci ya fara ɗibata ke nan sai na ji Abba ya ce, "Kawu, kada ka yarda da wannan, mugu ne."

Na ɗaga kai na dubi allon. Mutumin da ake magana a kai bai yi komai ba, sannu da zuwa ma yake yi wa jarumin, har da miƙa masa abinci. Na ce, "Kai kuwa Abba, ina ka san mugu ne?" Ya ce, "Umma, ba ki ji muryarsa ba?"

Ba a yi minti goma ba mutumin ya ci amanar jarumin. Abba ya daka tsalle yana murna ya canka daidai. Ni kuwa barcin ya gudu. Yaron da har yanzu Turancinsa bai nuna ba, ya riga ya san irin harshen da ake ba mugu.

Na tambayi ƙanena yadda abin yake. Ya ce masu shirya irin waɗannan wasanni ɗaukar mutane suke yi musamman don su ara wa 'yan wasan murya, kuma ba a raba karin harshe da ka. Sarakuna da malaman tsibbu a kan ba su Turancin manyan Ingila. Wadannin nan masu gemu da gatari, kamar na World of Warcraft, a kan ba su Turancin Sikotland. A wani gem mai suna Xenoblade Chronicles 2, wanda ya fito a 2017, kowace ƙasa ta cikin labarin da nata karin: wasu na Wales, wasu na Sikotland, wasu na Ostireliya. Ya ce 'yan gem na son haka, don duniyar da kowa ke magana iri ɗaya ba ta kama da duniya.

Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Ki tsaya a kasuwar Sabon Gari ki rufe ido na minti biyar ki saurara. Za ki ji Hausar Zazzau, da ta Kano, da ta Katsina, da Hausar Bayarabiyar da aka haifa a Muchiya wadda ta fi ki iya karin magana, da ta Inyamurin da kakansa ya zo aikin jirgin ƙasa. Tun zuwan reluwe haka Sabon Gari take. Idan aka shirya fim ko gem a kan garin nan aka sa kowa yana Hausar mai karanta labarai, ai ƙarya aka yi. Inda gizo ke saƙar shi ne wa ake ba wace murya, kuma sau nawa.

Tun a 1997 wata masaniyar harshe a Amurka, Rosina Lippi-Green, ta bi finafinan katun na Disney ɗaya bayan ɗaya, ta gano cewa masu Turancin baƙi sun fi yawan fitowa a miyagu idan aka kwatanta da masu Turancin Amurka. Babu inda aka ce wa yaro "mai irin wannan harshe mugu ne". Maimaitawa ce kawai take koya masa, kamar yadda ya koyi cewa in an kira Magariba gida ake shigowa.

Da a Turanci abin ya tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Kwana uku bayan nan ya shigo har tsakar gidana.

An ɗauke wuta, waya ba caji, sai Abba ya tara ƙannensa da yaran maƙwabta suka shirya nasu gem ɗin da karan dawa a matsayin takubba. Shi ne mai rabon matsayi. Ina wanke-wanke ina jin sa. Sarki zai yi Hausar Kano. Ɓarawo zai yi gwarancin nan da 'yan barkwancin fim ke yi. Sai aka zo kan wawan sarki, wanda kowa zai riƙa rankwashi. Abba ya ce, "Kai ka yi irin maganar Inna." Ya kuma gwada masa: "Mi kac ce? Shina zuwa! Hwaɗa mini!" Yara suka kwashe da dariya.

Inna ita ce mahaifiyar maigidana. Basakkwaciya ce, shekara uku ke nan tana tare da mu tun rasuwar Baba. Tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi a hannu, komai a kunnenta. Na yi wurgi da soso na nufi Abba, sai ta ɗaga mini hannu ta ce, "Bar shi, ɗiyata. Yaro na."

A Hausarta cewa ta yi yaro ne. A kunnena kuwa sai na ji kamar ta ce yarona. Duk biyun gaskiya ne, duk biyun kuma sun sosa mini rai. A daren Inna ba ta kira shi "maigidana" ta tsokane shi a kan kuɗin cefane kamar yadda ta saba ba. Kwana biyu in yaran suna kusa sai ta taƙaita magana, ta koma nuni da hannu.

Na san wannan shirun. Na taɓa yin sa, kuma na taɓa jawo wa wata shi.

Ni Bazazzagiya ce gaba da baya. A gidanmu "rigana ne" muke cewa, "motan ya zo", ba ruwanmu da raba namiji da mace a kowace kalma. Da na je makarantar koyon aikin jinya a wani gari, satin farko na ce "jakana ne" a gaban 'yan ɗakinmu, sai da wata ta faɗo daga gado don dariya. Wata shida ina auna kowace kalma kafin ta fito. Abin mamaki kuma, Daidaitacciyar Hausar da ake yi mini gori da ita, ko da yake a kan Kananci aka gina ta, a garinmu aka yi ta buga ta. A Zariya jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, Abubakar Imam yana editanta, kuma a garin aka kafa Kamfanin Gaskiya. An daidaita Hausa ne don rubutu ya zama bai ɗaya, ɗan Sakkwato ya karanta abin da ɗan Bauci ya rubuta. Ba a yi don a kunyata kowa a kan harshen uwarsa ba.

Laifi tudu ne, in ji Hausawa. Ga nawa. Shekarun baya ina ɓangaren awo, wata yarinya mai cikin fari ta shigo, 'yar wajen Maraɗi, mijinta yana kasuwanci a Sabon Gari. Na tambaye ta ko akwai abin da ke damunta. Ta fara cewa, "Kaina shina mini..." Ɗalibar da ke riƙe da kati ta maimaita "shina" ƙasa-ƙasa, ta kusa da ita ta ƙyalƙyale. Ni da ya kamata in tsawatar, murmushi na yi. Yarinyar ta sunkuyar da kai. Na ce, "Ina jin ki, ci gaba." Ta ce, "Lahiya lau."

Allah Ya sa awon jini dole ne ga kowa. Na ɗaura mata abin awo, ya nuna 160 bisa 110. Na dubi ƙafafunta da fuskarta, a kumbure. Sai da na fitar da ɗaliban na zauna kusa da ita, sannan ta gaya mini kwana uku kanta na sarawa, idanunta na ganin hazo-hazo. Duk macen da ta taɓa ganin mai jijjiga ta san abin da waɗannan alamu ke nufi. Nan take aka kwantar da ita aka fara allurar hana jijjiga. Ta sauka lafiya, amma har yau in na tuna gabana yana faɗuwa. Maganar da za ta ceci ranta tana kan harshenta, dariyarmu ta mayar da ita ciki. Tun da nake maganar awo, bari in ƙara: mai ciki in ta ji ciwon kai mai tsanani, ko ganinta ya dushe, ko fuska da hannu suka kumbura, kada ta jira ranar awo, ta tafi asibiti a ranar, ta kuma faɗa da kowace irin Hausa Allah Ya ba ta.

Waɗancan ɗalibai ba miyagu ba ne. Wani wuri suka koyi cewa "shina" abin dariya ne, kuma ina zargin inda Abba ya koya nan suka koya. Ki lura da abin da yaranmu ke kallo a waya, daga finafinan Indiya da ake juyawa zuwa Hausa, zuwa gajerun barkwancin TikTok. Sau da yawa jarumi da budurwarsa da likita da alƙali Hausar birni suke yi tas. Da an zo kan maigadi ko baƙauye ko sakarai, sai ki ji an karkata harshe. Ba na ce a daina barkwanci ba. Muna da wasa tsakanin Kanawa da Zagezagi, da Fulani da Barebari, da Katsinawa da Nufawa, kuma ni ma in na samu Bakanuwa a wurin aiki ba na raga mata. Amma a wannan wasan kowa yana ramawa, a tashi ana dariya tare. Wanda aka mayar wawa a allo ba shi da bakin ramawa, kuma gobe ma shi ne wawan.

Wata za ta ce ai tun fil azal muna sauya murya a labari. Haka ne. Kakanninmu su ne farkon masu ara wa 'yan wasa murya. Wace ce ba ta san tsamin bakin Gizo ba, ko kaurin muryar Kura? Sai dai tsamin bakin Gizo nasa ne shi kaɗai, babu wani gari da za ki je ki tarar mutanensa suna magana kamar Gizo. Yaro zai yi wa Gizo dariya ya kwanta, ba zai wayi gari ya ga Gizo zaune a ƙofar ɗaki da carbi ba.

Ban doki Abba ba, ban kuma ƙwace waya ba, don na san in na hana a gida akwai gidan gem a bakin titi. Da daddare na kira shi na tambaye shi, "Sarkin Musulmi a wane gari yake?" Ya ce Sakkwato. Na ce, "To in yana hira da iyalinsa, da Hausar wa kake jin yake yi, tawa ko ta Inna?" Ya yi shiru. Babansa ya kunna masa waƙoƙin Narambaɗa da Ɗanƙwairo, ya ce ya saurari yadda suke furta kalmomi. Waɗannan su ne makaɗan da sarakuna ke zama su saurara, kuma Hausarsu ta fi kusa da ta Inna nesa ba kusa ba. Abba ya ce, "Ashe wawan sarkina da Hausar sarakuna yake magana." Na ce je ka ba kakarka haƙuri.

Ƙanena kuma da ya dawo ya nuna musu wani gem mai suna Tales of Kenzera: ZAU, wanda ya fito a 2024. Wanda ya jagoranci shirya shi, Abubakar Salim, ɗan Birtaniya ne mai asali da Kenya, shi kansa sana'arsa ke nan ara wa 'yan gem murya, kuma ya yi shi ne don tunawa da mahaifinsa da ya rasu. Jarumin baƙar fata ne, kuma ana iya sauya maganar gaba ɗaya ta koma Swahili. Abba ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya ko akwai irinsa da Hausa. Kawunsa ya ce, "In ka girma ka yi mana." Na ce in ka tashi yi, ka sa mana sarauniya mai Zazzaganci, ai Sarauniya Amina ba Bakanuwa ba ce.

Abin da nake yi yanzu ba shi da wuya, ko ke ma za ki iya. In suna kallo ko suna gem, nakan zauna minti goma in yi tambaya biyu: wane ne mugu a nan, kuma yaya aka yi ka gane? In amsar ita ce "ya yi sata" ko "ya yi ƙarya", madalla. In amsar ita ce "muryarsa", sai mu yi hira. Na kuma daina gyara wa yarana "rigana" a tsakar gida. Na gaya musu akwai Hausar jarrabawa, su iya ta da kyau, akwai kuma Hausar gidan kakanninsu, kada su ji kunyarta. Ni kaina na kama bakina daga kwaikwayon mai kawo mana nono da mai gyaran famfo, don na gane a bakina suka fara jin wasu abubuwan kafin su ji a waya.

Makon jiya aka sake ɗauke wuta. Ina ɗaki ina shirin aikin dare na jiyo Inna ta tara su a tabarma tana ba su labarin wani sarki da 'ya'yansa uku. Sarkin da Sakkwatanci yake yanke hukunci, waziri ma haka, har dodon. Gizo ne kawai ya zo da tsamin bakinsa. Da ta kai ƙarshe Abba ya ce, "Inna, ƙara mana ɗaya." Ta ce, "Sai ka biya kuɗin cehwane, maigida."

'Yar'uwa, a gidanku wace Hausa ce yara ke yi wa dariya, kuma a ina kike jin suka koya? Ke ma an taɓa sa ki haɗiye magana saboda karin harshenki? Ki rubuto mana a ƙasa, kuma don Allah ki rubuta da Hausar garinku. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa su san darajar iyaye da kakanni. Amin.