Kwarin Naltar, Ƙasar Pakistan

Jama'a, wanda ya sauka Gilgit, arewacin Pakistan, sauransa mil 20 da ɗoriya zuwa Naltar, amma duk hawa ne. Can sama akwai tafkuna, ɗaya ana ce da shi Satrangi, watau mai launi bakwai: nan kore, can shuɗi. Da hunturu dusar ƙanƙara kan rufe ko'ina, yara su ɗaura katako a ƙafa su yi ta zamiya. Haka Muhammad Abbas ya koya, har ya tsaya wa Pakistan a wasannin Olamfik na 2010 a Kanada. Fatake kuwa dankali ke kai su. Tilas su kwashe kayansu da wuri, gama in ƙanƙara ta toshe hanya, uwar kuɗi ta maƙale a dutse ke nan.