Waɗanda suka kewaya duniya bisa moto

Yau zancen moto za mu yi, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira babur. Kai da ni mun san shi abin zuwa kasuwa da gona, ko abin neman abinci ga ƴan kabu-kabu. To, akwai mutanen da suka hau wannan abu mai taya biyu suka ce sai sun ga iyakar ƙasa. Na daɗe ina bin labarinsu, don wasu daga cikinsu ta ƙofar gidanmu suka wuce. Gyara zama ka ji.

A ƙasar Jamus aka haifi moto. Cikin 1885 wasu maƙera biyu, Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach, suka ɗora ɗan inji bisa keken katako. Cikin 1894 aka fara ƙera shi don sayarwa a birnin Munik. Ba a cika shekara goma ba sai ga mai ƙarfin hali. Cikin 1903 wani saurayi, George Wyman, ya tashi daga San Faransisko ya nufi Niyok, wato daga wannan bakin teku na Amurka zuwa wancan, fiye da kilomita dubu 6. Motonsa keke ne kawai da aka rataya wa inji. A wurare da dama babu hanya ko kaɗan, sai ya hau bisa katakan hanyar jirgin ƙasa yana tafe yana girgiza. Da ya rage masa wajen kilomita 240, injin ya mutu sarai. Sai ya murza feda da ƙafa har cikin Niyok. Kwana 50 da ɗoriya ya yi.

Na farko da aka sani ya kewaya duniya bisa moto shi ne Carl Stearns Clancy, shi ma Ba'amurke, mai shekara 22. Ya fara daga Dablin ta ƙasar Irlanda cikin Oktoba 1912, bisa moto ƙirar Henderson. Ya ratsa Turai, ya taka Aljeriya da Tunisiya, ya bi ta tsibirin Silan, wanda yau ake kira Siri Lanka, ya bi ta Japan, ya koma Niyok cikin Agusta 1913. Kada ka ce ta yaya moto ya haye teku. Inda ƙasa ta ƙare sai a loda shi cikin jirgin ruwa. Abin da tayarsa ta taka ya kai kilomita dubu 29. A zamanin nan babu gidan mai a kowane gari, babu mai gyaran moto, sai maƙeri da mai gyaran keke.

Mata ba su tsaya kallo ba. Cikin 1916 wasu ƴan'uwan juna biyu, Augusta da Adeline Van Buren, suka ratsa Amurka daga Niyok zuwa Los Anjalas cikin wata biyu, kowace da motonta. Sun so su nuna wa gwamnati cewa mace na iya kai saƙon soja a fagen yaƙi. Ba sau ɗaya ba ƴan sanda suka kama su a hanya, laifinsu kuwa sun sa wando irin na maza. Bayansu aka yi Bessie Stringfield, baƙar fata, wadda ta yi ta ratsa Amurka ita kaɗai a shekarun 1930 da 1940. Lokacin nan a kudancin ƙasar ba a ba baƙar fata ɗaki a masaukin Turawa. In ta sami gidan baƙaƙe su sauke ta, in ba ta samu ba ta kwana bisa motonta a gidan mai.

Yanzu ga labarin da ya fi shafar mu. Ran 11 ga Disamba 1934 wasu Turawan Ingila mata biyu, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka bar Landan. Niyyarsu birnin Kap, can ƙarshen Afirka ta Kudu. Motonsu ƙirar Panther ne. An liƙa masa wani akwati mai taya ɗaya a gefe inda mutum na biyu ke zama, yana kuma jan ƴar amalanke mai ɗauke da tanti da ruwa da esansi. Suka haye teku zuwa Alje, suka gangaro ta Gardaya da In Salah da Tamanraset. Sojan Faransa masu tsaron hamada ba su so barin su su wuce ba, sai da aka yi ta ja-in-ja.

Daga Tamanraset zuwa Agadas wajen kilomita 900 ne. Ka tuna, a lokacin babu Arlit, don sai cikin 1969 aka kafa garin saboda uraniyom. Rairayi ne da duwatsu da rijiyoyi masu nisa da juna. Moto ya kafe, su sauke kaya, su tona, su tura, su sake lodi, can gaba kaɗan ya sake kafewa. Kafin su iso Agadas injin ya lalace. Da taimakon mutanen hanya suka kai shi cikin gari. Nan suka zauna makonni, kusa da dogon masallacin nan na ƙasa, suna jiran kayan gyara daga Ingila. Da kayan suka zo, su da kansu suka kwance injin suka ɗaure shi, don dukansu sun san aikin ƙarfe. Suka gangaro ƙasar Hausa, suka bi ta Kano, suka karkata gabas, sannan kudu. Ran 29 ga Yuli 1935 suka shiga birnin Kap, bayan kusan kilomita dubu 22. Theresa Wallach ta yi aikin kai saƙon soja bisa moto a Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya ta koma Amurka tana koya wa mutane tuƙi.

Ni dai duk sa'ad da na tuna matan nan biyu sai in jinjina. Aikina na sa ni yawo bisa moto tsakanin ƙauyuka, na kuwa san halin rairayi. In ka yi sannu ya riƙe ka, in ka yi sauri ya kayar da kai. Sai ka rage iskar taya, ka koma baya bisa sirdi, ka bar gaban moto ya yi ta lilo ba ka yi masa gardama ba. Kilomita 30 a jigawa da rani, ka iso kafaɗunka kamar an yi maka duka. To ina ga mai jan amalanke cikin Sahara? Abu na biyu da na sani shi ne, ban taɓa tsayawa a daji da moto matacce ba face wani ya ɓullo. Ko makiyayi, ko mai amalanken shanu, ko mace mai tulu ta ba ka ruwa ta nuna maka hanya. Riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Tafiya mafi tsawo a wancan zamani ta wasu mutanen Hungari biyu ce, Zoltán Sulkowsky da Gyula Bartha. Daga 1928 zuwa 1936 suna bisa Harley-Davidson, ƙasashe 68. A farkon 1952 kuma wani ɗalibin likita na ƙasar Ajantina, Ernesto Guevara, da abokinsa Alberto Granado suka hau tsohon Norton don su ga Amurka ta Kudu. A ƙasar Cile moton ya mutu. Suka ci gaba da ƙafa da bayan kamiyo. Suka ga wahalar masu haƙar tagulla, suka zauna da kutare a ƙasar Peru. Saurayin da ya dawo daga wannan tafiya shi ne duniya ta sani daga baya da sunan Che Guevara. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Wani ilimin kuwa, in ya shiga mutum, ba ya barin shi ya zauna lafiya.

Kada ka zaci Turawa kaɗai ke cikin wannan fage. Daga 1957 wani Bayarabe na Najeriya, Olabisi Ajala, ya hau ƴar ƙaramar moto irin ta Vespa, sanye da babbar riga, ya yi ta ratsa ƙasashen Turai da Asiya da Gabas ta Tsakiya. Ya gana da Nasser na Masar da Nehru na Indiya da Khrushchev na Rasha. Littafinsa, An African Abroad, ya fito cikin 1963. Har yau a kudancin Najeriya in mutum ya cika yawo sai a kira shi Ajala. Amma ya rasu a Legas cikin 1999 hannunsa babu komai.

Daga shekarun 1970 abin ya yawaita. Cikin 1973 Anne-France Dautheville ta Faransa ta kewaya duniya ita kaɗai bisa ƙaramin Kawasaki. A shekarar ce Ted Simon, ɗan jaridar Ingila, ya tashi bisa Triumph. Shekara huɗu ya yi, ƙasashe 45, fiye da kilomita dubu 100, har a Barazil aka kulle shi bisa zargin leƙen asiri. Cikin 2001, yana da kusan shekara 70, ya sake bin sawunsa. Emilio Scotto na Ajantina kuwa ya bar gida cikin 1985 bisa Honda, bai gama ba sai 1995, kilomita dubu 735. Cikin 2022 Kunle Adeyanju na Najeriya ya taso daga Landan zuwa Legas cikin kwana 40 da ƴan kai, don jan hankali kan cutar shan inna.

Akwai kuma wata irin tafiyar da dattawanmu suka gani da idonsu, wato tseren Pari zuwa Dakar. Wanda ya kafa shi, Thierry Sabine, ya ɓata ne bisa motonsa cikin 1977 can wajen iyakarmu da Libiya. Da aka tsamo shi sai ya ce zai kawo wasu su ga wurin. Ran 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka bar Pari, suka bi ta Agadas da Yamai, 74 kaɗai suka isa Dakar. Cyril Neveu ya zo na ɗaya bisa Yamaha. Tseren ya kawo ciniki Agadas, wannan gaskiya ne. Amma mai tsere ba ya ganin gari, ƙura kawai yake bar masa, an kuma sha take yara da mata a ƙauyukan bakin hanya. Sabine ya mutu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Mali cikin 1986. Cikin 2008 aka soke tseren saboda rashin tsaro, aka kai shi Amurka ta Kudu, cikin 2020 kuma Saudiyya.

To, mu komo kan maganar da na ce ka riƙe. Duba labaran nan duka. Babu ɗaya da inji bai mutu ba, ko taya ba ta fashe ba, ko kuɗi ba su ƙare ba. Kowane matafiyi ya isa ne don wani ya ba shi ruwa, wani ya tura, wani maƙeri ya ƙera masa ƙarfen da babu a kanti. Sunan mai moto ya shiga littafi, sunan mai turawa bai shiga ba. Ka tuna da masu ayarin gishirin Bilma. Su da fataken goro na Gwanja da alhazan da suka tafi Makka a ƙasa ta Cadi da Sudan sun san doguwar hanya tun ba a haifi kakan Daimler ba. Sun san abin da ake yi wa wanda tafiya ta yanke wa.

Abin da ke ci mini rai shi ne wannan. Hanyar nan ta Tamanraset da matan Ingila suka biyo don ganin duniya, ita ce ƴan'uwanmu ke bi zuwa arewa don neman abin kai wa baki. Cikin Oktoba 2013 motoci biyu suka lalace arewa da Arlit. Aka tsinci gawa 92, mafi yawansu mata da yara, da yawa daga yankin Kance. Inji ne ya mutu, kamar yadda na Theresa Wallach ya mutu. Ita tana da takardu, sojan hamada sun san ta shigo, akwai kamfani a Ingila mai aiko mata da kaya. Su kuwa sun kauce wa babbar hanya don gudun jandarma, babu wanda ke lissafin isowarsu. Har yau mai fasfon Turai yakan shiga ƙasashe da yawa ba tare da wahala ba, ɗan Nijar kuwa sai ya yi ta safa da marwa neman biza, a ƙarshe a hana shi. Hanya ɗaya ce, rairayi ɗaya, amma matafiya ba ɗaya ba ne.

Ban ce ka sayar da gona ka kama hanyar birnin Kap ba. Amma in kana da moto, ko za ka yi doguwar tafiya, ɗauki darasin waɗannan mutane. Ka san injinka. Ka ɗauki ruwa fiye da yadda kake zato. Ka gaya wa wani inda za ka da ranar da za ka iso. In kuwa kana zaune a ƙofar gida ka hangi baƙo yana tura moto cikin rana, ko daga Jamus ya fito ko daga Dakwaro, tashi ka kai masa ruwa. Baƙonka annabinka. Allah ya kai kowane matafiyi gida lafiya.