Sabuwar Akuya, Turkenta Daban

Uwargida, in kina da ko akuya biyu a bayan ɗaki, da ke nake. Mu matan Badarawa da Unguwar Dosa da Kawo mun san matsayin akuya a gida: ita ce asusun da ake fasawa ranar biyan kuɗin makaranta, ita ce farkon kayan ɗakin 'ya mace. Shi ya sa har yanzu abin da ya faru a layinmu da hunturun bara yake ci mini rai.

Wata maƙwabciyata ta kwashi adashi ta sayo akuya mai ciki, sumul da ita, ta sake ta cikin nata. Kwana biyar sai majina da kwantsa, ta daina taɓa dusa. Da aka buɗe bakin, duk gyambo ne, ga wari. Zawo ya biyo baya. Kin san yadda awakin unguwa suke, da safe kowa ta kwance nata, su haɗu a bola ɗaya, su sha a kwata ɗaya. Kafin sati uku gida huɗu sun yi asara. Nawa uku ne, ɗaya ta rage mini.

Likitan dabbobin da muka kira ya ce sunanta PPR, annobar awaki da tumaki. Abin da ya sa na gane ta da wuri shi ne da ya ce ƙwayar cutar dangin ta ƙyanda ce. Ke uwa ce, kin san ƙyanda: yaro ɗaya ya shigo da ita Islamiyya, sai ta zagaye aji. Haka wannan take bi ta numfashi da majina da kwanon ruwa, kuma dabba kan ɗauke ta kwana huɗu zuwa shida ba ta nuna komai ba. To ta ina za ki gane a kasuwa? Ta fi tsananta wa awaki, musamman ƙanana. Ba ta kama mutum, wannan kam ki kwantar da hankalinki game da yara.

Kafso ja-da-rawaya da muke ɗura musu, da jar kanwa, ba sa kashe ta. Allurar likita tana rage ciwon huhun da ke biyo baya ne kawai. Abin da ke tare ta rigakafi ne, kuma a nan gida ake yin sa, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato. Ƙwayar da aka raunana aka yi maganin da ita ma a Najeriya aka samo ta a 1975, ƙasashe da dama da ita suke amfani. Allura ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara uku. Yayarta, bushiyar shanu, da rigakafi aka kawar da ita daga duniya a 2011, ita ma wannan an sa mata 2030.

Matsalar ita ce kwalba ɗaya ta dabbobi masu yawa ce, tana son sanyi, in an haɗa ta kuma ba ta kwana. Ba wanda zai fasa ta don akuyarki biyu. Mu dai a taron adashi muka yanke: kowa ta faɗi yawan nata, muka haɗa kuɗi, muka sa rana, likita ya zo ya bi gida-gida. Masu cewa ai ajali ne, ban ja da su ba, amma ba su ke biyan kuɗin jarrabawar yarana ba.

Sauran aikin naki ne. Duk dabbar da ta shigo, ko daga Zango aka sayo ta, ko ragon layya ne Maigida ya kawo, ko kyautar Inna ce daga ƙauye, ki ɗaure ta nesa da sauran sati uku, kwanonta daban, kada yara su riƙa kai mata ragowar harawar waɗancan ko su kwaso nata su kai musu. In kin ga majina, ki kira likita, ki kuma aika wa maƙwabta su tsare nasu a gida tun kafin a kwance su gobe da safe.